Rigar Baba a Jikin Ƙanena

Ni ce mai kama da Baba. Wannan ba yabon kai ba ne, duk ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni an san haka. Tsawon nasa ne, hancin nasa ne, har yadda girar hagu take ɗagewa in an faɗa mini maganar da ban yarda da ita ba. Ƙanena da yake bi na, shi Inna ya ɗebo: gajere, fuska a zagaye, murmushi ba ya barin bakinsa ko da an taka shi. Baba shi ne dagacin garinmu, da ya rasu kuma ƙanen nawa aka naɗa. Ban ja da wannan ba, na san ba a naɗa mace. An raba gado yadda addini ya ce, na karɓi nawa na yi shiru. Amma kamar nan da nake yi da Baba, ita na ɗauka tawa ce ni kaɗai, babu mai raba ni da ita.

Tun ban iya ɗaura zani ba nake zama a zaure gefen ƙafarsa. A nan na ga yadda ake sasanta manomi da makiyayi in shanu sun shiga gero, da yadda ake tsaga iyakar gona tsakanin 'yan'uwan da ba sa ga maciji. Baba ba mai yawan magana ba ne. Zai bar mutum ya yi ta zuba har ya gaji, sannan ya ɗago ido ya dube shi, sai ka ga mai ƙarya ya fara gyara zama. Dattawa kan dube ni su dube shi su ce kamar ya yi kaki ya tofar, sai wani ya ƙara da cewa, "Da ma namiji ce." Su yi dariya, ni ma in taya su, don ban san nauyin maganar ba sai daga baya. Da na fara zama budurwa aka ce in shiga cikin gida, zaure ba wurina ba ne kuma. Aka fito da ƙanena aka zaunar da shi a inda nake zama. Shi kuwa ana tsakiyar shari'a yake gyangyaɗi.

Ina aure a Babura, ina koyarwa a firamare, lokacin da ya kira ni a waya da wata sabuwar magana. Ya je suna gidan wani dagaci a wajen Gwiwa, ya ga hoton mahaifin mutumin an zana shi da fenti, babba, an rataye a zaure, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai. Tun da ya dawo abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mahaifin wancan bai fi Babanmu ba, shi ma a yi masa. Na ce wannan shawara ce mai kyau, kuma har zuciyata na faɗa. Matsalar ita ce Baba bai bar hoton kirki ba. Ba ya son a haska shi, in an matsa masa sai ya runtse ido. Akwai ɗan ƙaramin hoton katin zaɓe, hasken ya wanke fuskar, idanun a rufe rabi. Akwai wani na taron jama'a, shi ma daga nesa, rawani kawai ake ganewa.

Mai zanen a Kazaure yake, shagonsa ba nisa da tasha. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi yake rubuta allunan shaguna, yana yi wa manyan motoci ado a baya, amma abin da ya yi suna a kai shi ne hotunan masu sarauta. Ya duba 'yan hotunanmu ya girgiza kai. Ya ce zai iya, amma sai an kawo masa rigar mamacin da rawaninsa, sannan wani daga cikin jininsa ya sa su ya zauna masa, don riga ba ta zama a kan iska. Ƙanena ya ba ni wannan labarin a waya yana murna, ya ce shi zai zauna.

Na san babu yadda za a yi in sa rawani in zauna a shagon wani a bakin tasha. Mijina ba zai yarda ba, ni kaina in wata ce ta yi zan ce ta zare. Amma sanin haka bai hana raina ɓaci ba. Na kwana na tashi ina jin kamar an zo ɗakina an ɗauki wani abu ba a tambaye ni ba.

Sai Inna ta aiko a ce mini in riƙa bin sa Kazaure, tunda ni na fi kowa sanin zaman Baba. Aikowa ta yi, don Inna ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai wata hanya. Ni ce 'yar fari, ita kuma rainon Fulani ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa. In na shigo ɗakinta na gaishe ta, takan amsa tana kallon bango, ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska. Ba ƙi ba ne, na sani, in ina rashin lafiya ba ta iya cin abinci. Amma ba za ka taɓa kama ta tana kallona ba, balle ta yabe ni a gaban mutane.

Haka na shiga zirga-zirgar Asabar. In hau bas daga Babura, ƙanena ya taho daga ƙauye a kan babur ɗinsa da rigar Baba a ƙunshe cikin zani, mu haɗu a shagon. Rigar ta saƙi ce mai aska takwas, wadda Baba yake sawa ranar Juma'a. Ni nake kai ta wajen mabuga tun yana da rai, na san kowane zare nata. Ranar farko da ƙanena ya zura ta, ta haɗiye shi. Gefenta na jan ƙasa, hannuwan sun zubo sun rufe masa yatsu. Sai da mai zane ya ninka tsumma ya cusa masa a kafaɗu sannan ta ɗan tsaya. Na yi dariya har da hawaye, dariyar da ni kaina na ji ba ta da daɗi. Shi ko a jikinsa, ya taya ni.

Shagon cike yake da manyan mutane a jingine da bango, wasu an gama su ana jiran masu su, wasu ba a yi musu fuska ba tukuna. Ina son kallon su in muna jiran fenti ya sha iska. Na lura duk cikinsu babu wanda yake kallonka daidai wa daida, kowa daga sama yake dubanka. Na tambayi mai zane dalili, ya nuna mini 'yar kujerar tsugunon da yake zama a kai in zai fara aiki. Ya ce shi basarake daga ƙasa yake zana shi, daga inda mai gaisuwa yake ganinsa in ya durƙusa. Rigar kuma yakan baza ta har ta cika ƙasan allon, yadda mutum zai zama kamar an dasa shi. Hannuwa a kwance suke a kan gwiwa, don babba ba ya nuna yana sauri. Haƙori kuwa ba a ganinsa ko ɗaya. Ya ce sau da yawa kafin a kai ga fuska an riga an faɗa wa mai kallo matsayin mutum.

A kan matsayin nan muka fara samun saɓani da ƙanena. Ya ga wani hakimi a jikin bango da alkyabba mai zubi a kafaɗa, ya ce a ɗora wa Baba irinta. Na ce Baba bai taɓa yawo da alkyabba ba, ba za a yi masa aron girma bayan ya mutu ba. Ya ce to a ɗan fito da kunnuwan rawanin sama, ya fi ado. Na ce kunnen rawani na masu shi ne, so yake a zo daga fada a tambaye shi yaushe gidanmu ya zama gidan sarki? Ya ce a sa shi kan kujera mai hannu. Na ce a kan buzu Baba yake zama, bisa dakalin zaure, sandarsa a kwance a dama, takalmansa a gaba a jere, carbi a hannun hagu. Duk na ci nasara, don gaskiya ce a bakina. Amma na san ba gaskiyar kaɗai take sa ni zafi ba. Duk abin da ya fito daga bakinsa a lokacin, in da yadda zan yi, sai na ƙaryata shi.

Shi kansa zaman ya gagari ƙanena. Baba in ya zauna bayansa a miƙe yake ba tare da ya sandare ba, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu gaba. Yana da yadda yake ɗaga hannun riga ya watsa shi kan kafaɗa sau ɗaya, ya zauna daram, aikin askar ya fito fili a ƙirji. Ƙanena zai tattaro hannun rigar ya ɗora, ya zame, ya sake ɗorawa, kamar mai shanya. Na yi bayani har na gaji. Wata Asabar haƙurina ya ƙare na ce ya tashi. Na hau kan buzun na naɗe ƙafa, na miƙe bayana, na kama gefen mayafina na watsa shi kan kafaɗa.

Ƙanena ya daina murmushi, ya tsaya yana kallona riƙe da gefen riga. Mai zane yana ƙasa a kan kujerarsa, buroshi a hannu, ya ɗaga kai yana dubana daga inda masu gaisuwa suke duban babba. Ban taɓa ganin mutane daga wurin nan ba. Wallahi ban so tashi ba. Ƙanena ne ya fara magana.

"Yaya, sai da gabana ya faɗi."

Na sauka na ce ya hau ya yi yadda ya gani. Ya hau ya yi, kuma abin haushin, ya yi daidai. Daga ranar ya iya zaman. Ni na koya masa da kaina, a gaban shaida.

Aiki ya yi ta tafiya. Rigar ta fito har kana iya ganin ƙyallin bugu a jikinta. Zoben azurfar da ke yatsansa ya fito, buzun ya fito da gashinsa. Farin rawanin ya zauna, amawali ya rufe baki da haɓa, yadda Baba yake ja shi in zai yanke magana. Abin da ya rage tsakanin rawani da amawali ɗan fili ne da bai fi tafin hannu ba, wurin ido da hanci. Mai zane ya bar shi fayau, mako na bin mako. Ya ce duk sauran kaya ne, kowane dagaci yana da irinsu, amma ɗan filin nan shi ne mutumin, in ya kuskure shi to ya zana riga ne kawai. Ya tambayi duk wanda ya san Baba. Wani tsoho da ya rako ƙanena ya ce ido ne mai kwarjini. Wani ya ce mai sanyi ne. Ƙanena ya ce shi dai bai cika iya haɗa ido da shi ba.

Ni ina zaune a benci kusa da gwangwanayen fenti, da amsar a fuskata, ina jira a tambaye ni. Na sa rai mai zane zai juyo ya ce, Malama, ko za ki ɗan zauna mana? Na ma shirya yadda zan ɗan ja aji kafin in yarda. Har kwalli na riƙa sawa in zan taho, don Baba yana sawa ranar Juma'a. Bai tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne in matsar da bencin kusa da ƙofa, warin fenti zai dame ni a lungun nan. Na matsar ina cika ina batsewa, na ce a raina wato ma korata ake yi. Daga bakin ƙofa na ci gaba da zama, hasken titi yana dukan fuskata, ina kallon ƙanena cikin rigar ubana. Mutane in sun leƙo daga tasha sai su rusuna su ce masa ranka ya daɗe, ya amsa ta cikin amawali da muryar da ba tasa ba. Ni kuma su ce sannu Hajiya, su wuce. Ban taɓa jin ƙyashin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa a shagon nan ba, ɗan da na goya a bayana, na share wa majina.

Ana cikin haka mai zane ya ce ba sai mun sake zuwa ba, sauran aikin shi kaɗai zai ƙarasa. Na koma Babura na ce na wanke hannuna. Mijina ya tambaye ni yadda hoton ya yi, na ce ya yi kyau, an zana Inna da rawani. Ya ce in ji tsoron Allah.

Ranar wata Juma'a aka kawo hoton, a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da zanin gado. Na zo tun da hantsi. Kafin a sauko da shi ma an sha muhawara, don liman ya ce shi bai ga dalilin rataye surar mutum a zauren da ake salla a cikinsa ba. Aka daidaita a kan za a sa shi a bangon da ke bayan masu salla, ba ta gabas ba. Amma ƙanena ya ce kafin kowane namiji ya gani, a shiga da shi cikin gida Inna ta fara sa masa albarka.

Aka jingine shi a jikin rumbu a tsakar gida, mata suka taru, ƙannen Baba da matan maƙwabta da matar ƙanena. Aka yaye zanin. Wata gwaggonmu ta fashe da kuka, wata ta hau salati. Ni na tsaya can baya, na ƙudurta ba zan nuna komai ba. Daga inda nake na ga rigar da zaman, na ga Baba ne, babu ja. Sai yabo ya fara tashi, kuma duk wajen ƙanena ya nufa. Ashe haka yake kama da mahaifinsa ba mu lura ba. Ashe rawani ne ya fito da kamar. Matarsa tana ta washe baki kamar ita ta haife shi.

Aka kamo hannun Inna aka kawo ta gaban hoton. Ta dube shi daga ƙasa, takalman, buzun, hannuwan, tana gyaɗa kai a hankali. Ta hau kan aikin askar, ta kai ga amawali. Da ta isa ɗan filin nan sai ta tsaya. Ba ta daɗe ba. Ta kawar da kai gefe, ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Ya yi. A fitar da shi."

Matan suka ce tsohuwa ta tuna mijinta, a bar ta ta huta. Ni kuwa na san wannan kawar da kan. Inna ba ta yi wa Baba shi, tana kallonsa ido cikin ido har ta yi masa faɗa in ta kama. Mutum ɗaya take yi wa haka a duniya.

Na kutsa cikin matan na je gaban hoton na durƙusa, kamar mai duba fenti. Idanuna ne. Ba kama ba, su ne, har da kwallin da na riƙa sawa, har da girar hagu a ɗage. Hancin ma nawa ne. Sai a lokacin na gane dalilin matsar da benci bakin ƙofa. Kallon da ke cikin idanun kuwa na san shi sarai, don na san abin da nake ji a lokacin da nake yin sa. Kallon da na yi ta yi wa ƙanena ne daga bakin ƙofar shago. Da aka fita da hoton zaure bayan an sauko daga masallaci, ina jin dattawa daga soro suna cewa ga kwarjinin marigayi nan bai ɓace ba, ko a bango ma sai mutum ya shiga taitayinsa. Su suka sa masa suna kwarjini. Ni da na yi kallon na san kishi ne tsagwaronsa.

Da farko daɗi ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun ina yarinya a gefen ƙafar Baba. Na zauna a ɗakin Inna ina jira ko za ta ce wani abu, ko da a kaikaice ne, ko da ga wani za ta faɗa in ji. Ta yi ta jan carbinta tana kallon bango. Ita kaɗai ce shaidata a gidan nan, kuma ita ce wadda bakinta ba zai taɓa buɗewa a kaina ba. Sai daɗin ya fara komawa haushi. A waje ana ta shiga ana fita, ana yi wa ƙanena barka da kamar da ba tasa ba.

Da la'asar jama'a suka ragu, ya shigo cikin gida ya cire rawani yana shan iska a gindin darbejiya. Na same shi shi kaɗai. Ban yi wani kewaye-kewaye ba, na ce masa idanun da ke hoton nan nawa ne, kuma ina so ya sani. Na zaci zai musa, na ma tanadi abin da zan mayar masa. Sai ya yi murmushin nan nasa na Inna.

"Na sani, Yaya. Ai ni na ce masa ya ɗauki naki. Tun ranar da kika hau buzun nan ya same ni da maganar, ya ce ba zai yi ba sai da izinina. Na ce ya yi, amma kada ya gaya miki, don in kin sani za ki gyara fuska."

Na zo da shirin ƙwatar abina, ashe ba ni aka yi. Har idanun da ke kaina sai da ya sa hannu sannan suka shiga hoton ubana. Da ya yi mini rowa da na san yadda zan yi da shi, amma alheri ya yi mini, kuma ban taɓa jin alherin da ya yi mini ɗaci kamar wannan ba. Na ce to tunda ya sani, sai ya faɗa wa mutane, ya daina karɓar barkar da ba tasa ba.

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi ƙofar zaure ya rage murya.

"In kin ce in faɗa, zan faɗa, haƙƙinki ne. Amma kin san dattawan nan. Ranar da suka ji idon mace suke durƙusawa a ƙarƙashinsa, ranar za a sauke shi. Liman ma dalili yake nema. Ki zaɓa."

Ba wayo yake yi mini ba, na san mutanen garinmu kamar yadda ya san su. Na tsaya ina jin maganganun maza daga zaure, wani yana ba da labarin wata shari'ar gona da Baba ya yanke, wadda aka yi ina zaune a wurin, har na fi mai ba da labarin tuna yadda ta kasance. Ƙanena yana jira. Na ce masa ya mayar da rawaninsa, baƙi suna jiransa. Ya ce bai ji amsata ba. Na ce ya ji.

Hoton yana nan har yau. An ce masu rigimar iyaka in sun shigo sukan ɗaga kai su dube shi, su sassauta murya. Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Ina son ƙanena, ina yi masa addu'a, yana riƙe da garin da amana fiye da yadda na zata. Amma duk lokacin da na sauka daga acaɓa a ƙofar gidanmu na ga takalman maza a jere a bakin zaure, abin yakan taso mini sabo.

Zuwana na baya-bayan nan na tarar da baƙi daga Kazaure. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na rusuna na gaishe su, na bi gefen bango zan shige ciki da kaina a sunkuye, yadda mace take wucewa. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya san Baba, yana tsaye a gaban hoton. Ya juya ya ce wa ƙanena, ranka ya daɗe, wannan ido ai naka ne sak. Sannan ya gan ni, ya tambaya ko ni ce babbar 'yar marigayi, ya ce to ga wadda za ta raba gardama, ke me kika gani?

Ƙanena ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ban ɗago ba, don in na ɗago dattijon zai gani.

"Nasa ne, Baba," na ce wa dattijon, na shige cikin gida.